Akitek Muhsin da Soron Ƙasar Yaman

Duk garin da Allah ya so da alheri sai ya aiko masa da masani. Mu 'yan unguwar Kwamba ta Suleja namu rabon ya iso ne a shekarar 1994, cikin akori-kura, da katifa ɗaya, da amarya ɗaya, da kwali goma sha ɗaya na tsofaffin mujallu. Sunansa Muhsin, amma kada ka kuskura ka kira shi haka tsurarsa a gaban jama'a. Akitek Muhsin ake cewa, kuma idan ka manta zai tuna maka cikin ladabi, har sau uku. Ma'aikaci ne a Abuja, an ba shi hutun ƙaro ilimi don ya yi digiri na biyu a fannin zanen gine-gine, shi kuwa ya duba duk faɗin ƙasar nan bai ga inda ya dace da zurfin tunaninsa ba sai ciki da falo a gidan hayarmu mai ɗaki goma sha huɗu da famfo ɗaya. Ba tsadar haya a Abuja ce ta koro shi ba, kamar yadda ta koro sauranmu. Shi ya zo ne don ya zauna kusa da talakawa, ya nazarce su.

Gaskiya ne bai taɓa gina ko akurkin kaji ba. Amma wannan ba aibi ba ne, domin kamar yadda ya sha faɗa mana a bakin famfo, gini aikin lebura ne, akitek tunani yake yi. Yana da tabarau wanda likita bai rubuta masa ba, da fensir a bayan kunne, da farin takalmi sau-ciki da yake goge wa fuska kowace safiya kafin ya wanke tasa. Idan ya fito zai hau acaɓa sai ya tsaya ya ƙare wa gidan da ke fuskantar namu kallo, ya girgiza kai, ya ce, "Laifi ne." Ba ya faɗin laifin wa. Mu dai mukan ji kunya a madadin gidan.

Malamar da ke duba aikinsa a jami'a, wata dattijuwa Bayarabiya mai suna Dakta Abimbola, ta ba ɗalibanta umarni mai sauƙi. Ta ce kafin kowa ya fara rubuta kundin digirinsa ya yi abu biyu. Ya shimfiɗa tunaninsa a takarda yadda za a ga wane ya haɗu da wane, sannan ya nemo gine-ginen da waɗansu suka riga suka yi, waɗanda zai yi koyi da su. Sauran ɗalibai sun gama wannan a falle biyu. Akitek ya ce falle biyu na masu ƙaramin kai ne. Shi bango ya nema.

Ranar da aka fara aikin, kabet ɗin Mansura, amaryarsa, ya bar falo da kwanukansa duka ya koma ƙuryar ɗaki, inda sai an hau gado ake buɗe shi. Kujeru suka bi baya. Falo ya tashi daga falo ya zama situdiyo, aka hana shiga da ruwa, da yara, da surutu. Akitek ya yanka kwali ƙanana-ƙanana, ya rubuta wa kowanne kalma guda da manyan baƙaƙe: ISKA, INUWA, ZAMANI, ƊAN ADAM, MAKOMA. Ya kafa su da ƙusa, ya ja jan zaren saƙa daga wannan zuwa wancan, inda zare bai kai ba ya zana kibiya. Cikin wata biyu kibau sun cika bango uku sun fara hawa silin. Kibiya ta tashi daga ISKA ta soki ZAMANI, ta fito ta bayan MAKOMA, ta dawo ta soki ISKA. Idan ka bi su da yatsa da haƙuri, duk a ƙarshe suna tikewa ne a kan wani kati da ke can sama, mai ɗauke da sunan mai binciken. Matan gida suka naɗa shi Sarkin Kibau, ba tare da an sanar da shi ba.

Batun kundin kuwa ba abin wasa ba ne. Zai zana gidan da ma'aikacin Abuja zai zauna a cikinsa da sanyi ko an ɗauke wuta, ba fanka, ba na'ura. Wannan gagarumin tunani ya yi shi ne a tsaye cikin singileti, gumi na ɗiga daga haɓarsa, Mansura na yi masa fifita daga bakin ƙofa, don ita ma ba ta da izinin wuce dokin ƙofa.

Sai batun gine-ginen koyi. A nan Akitek yana da ƙa'ida wadda ba ya karyawa: duk ginin da za a iya zuwa wurinsa ba tare da biza ba, ba abin koyi ba ne. Ya yanko wani gida daga Birazil. Ya yanko wata makaranta daga Japan. Don maganin zafin Suleja ya yanko ɗakin karatu daga wata ƙasa inda ruwa ke daskarewa a famfo wata shida a shekara. Kowanne ya samu katinsa da zarensa. Amma sarkinsu duka, wanda aka ba tsakiyar bango, aka kewaye da kibau goma sha tara, wani hoto ne da ya samo a wurin abokin karatunsa, fotokwafi na fotokwafi daga wata tsohuwar mujallar masana. Shafin ya fi gilashin injin tsawo, saboda haka injin ya cinye rubutun ƙasa, wanda ke faɗin inda ginin yake da wanda ya yi shi.

Hoton cikin wani soro ne na ƙasa. Bakan gizo takwas sun taso daga bango sun haɗu a sama, irin ɗaurin da magina ke kira ɗaurin guga, a mahaɗarsu an kafa faranti guda mai ɓantaren baki. Ƙananan tagogi can sama suna zuba haske a hankali. A gindin wani baka kuma akwai ɗan tabo mai kama da tafin hannu. Ko a cikin duhun fotokwafi sai ka ji kamar ka shiga ka kwanta. Da wani ɗalibi ne mai ƙaramin kai, da ya koma laburare ya nemo mujallar ya karanta rubutun da aka yanke. Akitek bai ɓata lokacinsa ba. Ya dubi kyan ginin, ya san cewa abu mai kyau haka ba zai fito kusa ba, ya ɗauki alƙalami ya rubuta a ƙarƙashinsa: ƘASAR YAMAN. A kan tabon nan kuwa ya rubuta shafi huɗu, inda ya tabbatar da cewa hatimin sarakunan dauri ne, mai nuna ikon hannu a kan halitta.

A ƙofar gidanmu akwai wata tsohuwa mai suyar waina, Inna Kande. Mijinta ya rasu, tana zaune wurin 'yarta a ɗakin ƙarshe, amma asalinta 'yar Maje ce, ƙauyen manoman nan da gidajen bulo suka fara haɗiyewa. Mahaifinta, marigayi Ɗanlami, magini ne. Kowace Juma'a Inna ba ta suya. Takan ɗauki tsintsiyarta ta tafi Maje ta share soron da uban ya bari, ta duba inda gara ta taɓa, ta zauna ciki har la'asar sannan ta dawo. Tana girmama Akitek ƙwarai, don a ganinta duk wanda sana'arsa ta shafi gini ɗan gidansu ne. Kullum nasa ne na farko a tanda, kuma takan ƙara masa biyu ba tare da ya tambaya ba.

Wata safiya bai fito ba, tunani ya riƙe shi. Inna ta ga wainarsa za ta huce, ta ɗauko da kanta, ta yi sallama, kafin Mansura ta tare ta har ta tsallake dokin ƙofa. Ta tsaya tsakiyar situdiyo da kwano a hannu tana kallon zare da kibau kamar wadda ta faɗa gidan gizo-gizo. Can idonta ya sauka a tsakiyar bango. Ta matsa, ta ƙanƙance ido, ta ƙara matsawa.

"Akitek," ta ce, "a ina ka samo hoton soron Baba?"

Dariyar da ya yi sai da ya cire tabarau ya share ido. Sannan ya gyara tsayuwa, domin ya samu abin da ya fi so a duniya, wato mai sauraro wanda hannunsa ke riƙe da kwano.

"Inna, Allah ya ja kwananki. Yu si, wannan da kike gani ba soro ba ne, falsafa ce. Mutanen da suka yi shi sun yi shekara dubu suna nazarin rana da iska. Daga nan zuwa can sai an hau jirgi biyu. Na san duk ginin ƙasa a idon wanda bai yi karatu ba kama suke da juna, kamar yadda tumaki suke kama da juna a idon ɗan birni. Ba laifinki ba ne."

Inna ta ce farantin nan na kayan ɗakin uwarta ne, ita ce ta ɓantare masa baki, shi ya sa uban ya ɗauke shi ya kafa a sama don kada a dake ta. Ta ce tabon nan kuwa hannunta ne, tana 'yar shekara biyar ta danna a ɗanyen yaɓe, Baba ya hana a shafe. Akitek ya saurare ta da murmushin likita, ya karɓi waina, ya raka ta bakin ƙofa. Da ta fita ya yanka sabon kati, ya rubuta TATSUNIYA, ya ja masa zare zuwa ƊAN ADAM.

To, a daidai wannan lokacin soron yana cikin haɗari, kuma Inna ta fi kowa sani. Ɗan wanta, Nata'ala, wanda ya gaji kaso mafi girma na gidan, ya lura cewa kowace yamma motocin Abuja na sauke mutane masu neman ɗaki, ya kuma lura cewa filin da soron ya tare zai ɗauki ɗakin haya takwas. Bai ce yana son ɗakuna ba. Cewa ya yi yana tsoron kada soron ya rufto wa jikoki. Gwaggonsa ta ce soron da ya ga damina sittin ba wannan ce za ta kayar da shi ba, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Magana ta kai gaban mai unguwa. Shi kuwa, da yake ba ya son ɓata wa kowa, ya yanke cewa a kawo masani ya duba ya rubuta. Idan ya ce lafiya, ba mai taɓa soro. Idan ya ce akwai haɗari, a sauke shi kafin ruwa ya sauka.

Inna ce da bakinta ta ce tana da masani a gida. Wannan ne abin da ke ci mini rai har yau. Ta dawo tana murna, ta ce Allah ya kawo mata mafita har ƙofar ɗaki, mutumin da ya liƙa soron a bangonsa ai ba zai bari a rushe shi ba. A lissafinta, da zarar ya shiga ya ɗaga kai, magana ta ƙare, gani ya kori ji.

Sai da ta yi mako uku tana roƙo. Akitek ya bayyana mata cewa lokacinsa ba nasa ba ne, na al'umma ne, kuma a halin yanzu yana tsakiyar haɗa INUWA da MAKOMA. A ƙarshe ya amince, bisa sharaɗin Nata'ala ya zo da mota. Nata'ala kuwa ya zo, ya buɗe masa ƙofa, ya kira shi Akitek sau bakwai kafin su fita Kwamba. Inna ta zauna a baya da tsintsiyarta.

Akwai abin da duk ɗan ƙasar nan ya sani, wanda ba a rubuta a mujallun Birazil ba. Ruwan Suleja ba irin na can arewa ba ne. Rufin ƙasa idan aka bar shi tsirara a nan, damina biyu ta ishe shi. Saboda haka maginanmu idan sun gama soro sai su yi masa hula ta ciyawa a bisa, ruwa ya zame, ƙasa ta zauna a bushe. Da zamani ya zo 'ya'yan Ɗanlami suka cire ciyawa suka ɗora kwano. Kwanon ya yi tsatsa, an danne gefensa da duwatsu da tsohuwar taya. Daga waje soron bai fi rumfar awaki kwarjini ba. Duk dukiyarsa a ciki take.

Akitek ya sauko daga mota, ya zaɓi inda zai ajiye farin takalminsa, ya tsaya taku goma daga ginin. Mai unguwa da dattawa na zaune a gindin ɗorawa, sai ya ga ya dace ya fara da gabatarwa. Ya yi musu bayanin Japan. Ya yi musu bayanin ƙasar ƙanƙara. Ya zaro fensir daga kunne, ya miƙa hannu, ya rufe ido ɗaya ya auna soron daga nesa kamar mai sayen rago. Inna tana bakin ƙofar, ta ɗage asabari, tana cewa ya shigo ko na minti ɗaya ne, sanyi ma kawai ya sha.

Amma ƙofar gajera ce, sai an sunkuya. Kuma Inna ta roƙi ya cire takalmi, don a nan mahaifinta yake salla. Akitek ya dubi ƙofa, ya dubi dattawa, ya dubi takalminsa. Daga baya Mansura ta faɗa wa matan gida, cikin sirri irin na bakin famfo, cewa safarsa ta dama ta huje a babban yatsa. Ni ban ga safar ba. Abin da na sani shi ne, bai shiga ba.

"Inna," ya ce, da ƙarfi don na gindin ɗorawa su amfana, "ƙwararre ba ya buƙatar shiga. Gini yana magana daga waje, yu si, kuma wannan ya gama faɗa mini abin da zai faɗa. Babu tsari, babu ma'auni, babu tunani. Da za ku ga yadda ake ginin ƙasa a Yaman, da kun yi kuka."

A kan bonet ɗin motar Nata'ala ya rubuta takardar. Ya yi ta ne a kan takarda mai tambarin kamfaninsa, Muhsin da Abokan Aiki, waɗanda har yau ba mu haɗu da ko ɗaya daga cikinsu ba. Ya rubuta da Turanci mai nauyi cewa ya duba ginin da idon basira, ya same shi haɗari ga rayuka, kuma ba shi da wata daraja ta fasaha ko ta tarihi. Ya sa hannu mai kibiya a wutsiya. Mai unguwa ya sa aka fassara, ya sa aka yi fotokwafi aka ba kowane ɓangare nasa. Dukan ziyarar ba ta kai minti ashirin ba, kuma goma sha biyar na Japan ne.

An ce lebura shida suka yi kwana huɗu a kansa. Ginin da yake shirin rufto wa jikoki ya karya musu diga biyu, azarar da ke cikin bakan gizo ta fito lafiya ƙalau, har wani ya saye ta zai yi rumfa. Inna tana wurin tun daga farko har ƙarshe. Ba ta yi kururuwa ba, ba ta zagi kowa ba. Ta roƙi lebura guda ya hau ya ciro mata farantin kafin a kayar da tsakiya, ya ciro. Tafin hannun kuwa ba a iya cirowa. Kwana uku ba a kunna wutar tanda a ƙofar gidanmu ba, kuma duk wanda ya wuce ta ɗakin ƙarshe sai ya rage murya. Akitek ma abin ya taɓa shi. Ya koka wa Mansura cewa rashin waina da safe yana dagula masa tunani.

Ba a jima ba aka janye yajin aikin da malaman jami'a suka shiga, aka sa ranar da kowane ɗalibi zai gabatar da taswirar tunaninsa. Akitek ya kwashe bango uku da rabin silin, ya liƙa su a kan zannuwan gado biyu na Mansura, ya naɗe kamar tabarma, ya sayi kujera biyu a mota, ɗaya tasa ɗaya ta ilimi. Abin da ya faru a can mun ji shi ne daga bakin abokin karatun nan da ya ba shi hoton, kuma ya rantse bai ƙara gishiri ba.

An ba kowa minti goma. Akitek ya ci arba'in da biyar. Ya bi kibau ɗaya bayan ɗaya da sandar rediyo, ya kai Birazil ya dawo, ya ratsa ƙanƙara, har ya iso tsakiyar zane. A nan ya sassauta murya. Ya ce ga inda ɗan Adam ya kai ƙololuwa, ga abin da mutanenmu ba za su taɓa iyawa ba sai sun yi ƙarni suna karatu. Ya fara karanto shafuka huɗun nan na hatimin sarakuna.

Dakta Abimbola, wadda tun wajen Japan ta rufe ido, ta buɗe. Ta tashi, ta sa gilashinta, ta je har gaban zanin gado ta tsaya. Fuskarta ta washe.

"Muhsin," ta ce, babu Akitek babu komai, "wa ya ce maka Yaman? Ni na ɗauki hoton nan, ina ɗaliba, shekara kusan ashirin ke nan. Maje ne. Ba a Suleja kake zaune ba?"

Ɗalibai suka dubi juna. Dakta ba ta lura ba, murna ta ɗauke ta. Ta ba da labarin yadda tsohon magini Ɗanlami ya zaunar da ita ya ba ta fura, yadda ta auna zafin ciki da na waje da tsakar rana ta ɗauka ma'auninta ne ya lalace. Ta taɓa hatimin sarakunan dauri da yatsa, ta ce wannan hannun 'yarsa ne, sunanta Kande in ba ta manta ba. Sannan ta ce ya kwashe duk sauran tarkacen nan ya mayar wa matarsa zannuwanta. Kundinsa gaba ɗaya yana cikin soron nan. Ya je ya auna shi taku-taku, ya kwana a ciki, ya tambayi masu shi yadda aka yi, ita da kanta za ta zo ta gani bayan damina. Ta ce a shekara ashirin ba ta ga ɗalibin da Allah ya ba sa'a irin tasa ba.

Akitek ya ce, "To, Dakta." Abokin ya ce tun da ya san shi, wannan ce jimla mafi gajarta da ya taɓa ji daga bakinsa. Kaza dai ta kwana a kan dami, ba ta tsaya nan ba, ta sa hannu an ƙone damin.

Mako guda ƙofar situdiyo tana rufe. Mu marasa ilimi muka ɗauka nadama ce, har wasu suka fara tausaya masa. Ashe ba mu san manya ba. Ran na takwas aka ji ƙarar guduma, sabbin katuna na hawa bango, jan zare na tafiya. Hoton ya koma tsakiya, an goge Yaman an rubuta Maje, kamar dai tun farko haka ya ce. A bakin famfo ya sanar da mu cewa ya gano matsalar da ta fi zafi girma, kuma ya sauya taken kundinsa: Yadda Jahilcin Jama'a Ke Rushe Gine-ginen Tarihi. Ya ce abin takaici ne yadda mutanenmu ke zaune da zinariya ba su sani ba. Ya ce wani ya kamata ya yi magana, kuma tunda ba kowa, shi zai yi.

Bincike irin wannan yana buƙatar shaidar ganau. Saboda haka da safe ya goge takalmi, ya ɗauki littafi da fensir, ya fito ƙofar gida. Inna ta koma suya. A gefenta, a kan benci, ga wani tsohon faranti mai ɓantaren baki, ta zuba yaji a ciki. Akitek ya ja kujera, ya gyara murya, ya gaishe ta da ladabin da bai saba ba, ya ce zai yi mata 'yan tambayoyi ne don amfanin 'yan baya, kuma sunanta zai shiga littafi.

"Tambaya ta farko, Inna. A ganinki, wane ne ya jawo rushewar wannan gini mai ɗimbin tarihi?"

Inna ba ta ɗago ba. Ta juya wainar da ke tanda ɗaya bayan ɗaya, ta kwashe. Sannan ta ɗaga farantin, ta zaro wata takarda da aka ninke huɗu daga ƙarƙashinsa, ta warware, ta ɗora waina uku a kai, ba ƙari, ta barbaɗa yaji, ta naɗe ta miƙa masa.

"Ga shi, Akitek. Ni ban yi boko ba. An ce a nan aka rubuta."

Ya buɗe a tsaye, muna kallo. Mai ya riga ya ratsa Turancin, ya cinye idon basira da darajar fasaha duka. Ƙasan takardar ne kawai ya tsira a bushe, kuma wannan karon injin bai yanke sunan mai aikin ba.